Yadda Zuciyata Ta Riga Mota Isa Zariya

Tun da na dawo ba na auna tiya biyar a rumfata ta kasuwar Bungudu ba tare da wani ya tsuguna ya ce, "Mamman, wai yaya aka ƙare a Zariya?" Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a wajen suna, mai shayi kaɗai na faɗa masa sau uku, duk ina tsallake kalma ɗaya. Malam Isiyaku, wanda yake koya mana karatu da yamma a ajin yaƙi da jahilci, ya ce in rubuta kawai. Duk wanda ya tambaya in miƙa masa takarda, in bai iya karantawa ba ya zo aji. To ga shi na rubuta.

A shekarar da fetur ya ɓace ne, har direbobi suna shimfiɗa tabarma a layin gidan mai, shekara biyu bayan an yanke mana jiharmu daga Sakkwato. Damina ta yi nisa, ana gasa sabuwar masara.

Ciwon ya fara da abin dariya. Ina cin abincin mutum uku, ina ramewa. Ana ruwa kowa yana neman mayafi, ni ina gumi. Hannuna yana rawa, har masu sayen hatsi suka gano tiyata ta fi ta kowa cika, don kafin in juye, rawar hannu ta girgiza dawar ta zauna, sai na ƙara. Ciniki ya buɗe mini, ina ta godiya, ashe asara nake yi. A aji kuwa duk harafin da na rubuta sai ya fito kamar sawun tsutsa. Amma babban abin shi ne zuciya. Ina zaune lafiya sai ta zabura, ta yi ta gudu ba tsari, kamar akuyar da ta tsinke igiya ranar kasuwa. Ranar da na faɗi a tsakanin buhuna, aka ce sai Gusau.

Wanda ya raka ni shi ne Labbo, ɗan goggona, taubashina. Tsohon direban babbar mota ne, ido ya sa ya ajiye tuƙi. Tun ranar da na shiga aji bai sake kirana Mamman ba, sai Furofesa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi wani abu, don shi ne ya kusa kai ni kabari. Ina yaro ina da fuka. Duk lokacin sussuka ƙirjina yakan toshe, numfashina ya yi ta ƙara kamar ƙofar langalanga. Inna ta kai ni Karakkai wajen wata tsohuwa, aka yi mini turare da jiƙo. Tsohuwar ta ce ciwon ya kwanta barci, amma kada a kuskura a kira sunansa, don kira kawai yake jira. Inna ta sa na yi mata alkawari. Shekara talatin da wani abu ban furta sunan ba. Takan ɗan motsa in na shaƙi ƙaiƙayi, sai in ce mura ce, kowa a gida ya ce mura ce.

Likitan Gusau saurayi ne mai fara'a. Ya taɓa wuyana, ya sa na miƙe hannu ya ga rawar. Ya ce akwai wani abu a maƙogwaro, dangin maƙoƙo, da yake aiki fiye da kima, shi yake kora zuciya. Gwajin jinin sai Zariya, kuma kada mu kwana biyu. Sai ya ɗauki biro ya fara tambaya.

"Ciwon sukari?"

"Babu, alhamdulillahi."

"Hawan jini?"

"Babu."

"Fuka fa?"

Na dubi Labbo. Labbo ya dubi silin.

"Babu, alhamdulillahi."

Ya rubuta, ya ninke, ya sa a ambulan ya liƙe, ya ba ni in riƙe da hannuna. Muna fita Labbo ya ce, "Furofesa, haka anka koya muku a boko?"

"Rufe mini baki."

"Ni mi na ce? Ai mura ce."

Washegari Inna ta ɗaure mana zabi biyu, ta ce na babban likita ne, ba a zuwa wajen mai magani hannu rabbana. Na sa hulata sabuwa, na zuba littafin ajina da fensir a aljihu. Muka isa tashar Gusau da hantsi, ba mu sami mota mai mai ba sai bayan azahar. Tsohuwar fijo ce, mu goma a ciki ban da zabi. Direban ya ce kowa ya yi addu'a, don man da ke ciki da tiyo ya zuƙo shi daga tankin wani. Duk gangara sai ya kashe inji, mu tafi shiru kamar masu zuwa sata, in an zo hawa ya tayar.

Daidai dutsen Kwatarkwashi zuciyar ta zabura. Na leƙa kai waje in sha iska, iskar ta ɗauke hular. Na ce a tsaya. Direba ya ce, "Malam, muna cikin gangara. In na taka birki nan, asarar gangarar wa zai biya?" Ina kallo hulata tana birgima gefen hanya har ta ɓace.

Saura kaɗan mu shiga Tsafe man ya ƙare. Kowa ya fita turi, har wani Alhaji mai babbar riga da ya ce rabonsa da turin mota tun yana saurayi. Ni aka hana ni saboda ciwo. Labbo kuwa ya faɗa bayan sitiyari, ya ce shekara ashirin yana tuƙi, ba a taɓa ganin babban direba yana turi ba. Haka muka shiga gari: ni a zaune da zabi a cinya, Labbo yana danna hon yana ɗaga wa mutane hannu, mai motar da Alhaji suna haki a baya.

Babu mai a Tsafe sai da safe. Labbo ya kai mu gidan wani abokinsa, dillalin hatsi ɗan Bilbis, aka shimfiɗa mana a zaure. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, kwano babba na mutum uku. Maigidan ya ce, "Mara lafiya ya daure ya taɓa ko loma biyu." Na ce to. Kafin su gama gaisawa da Labbo, kwanon ya yi fes. Aka kawo na biyu. Aka kawo hoce da sauran fura. Maigidan ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga Labbo a hankali ya ce, "Wai cikinku wane ne za a kai asibiti?"

Da safe direba ya samo galan, muka kama hanya. Na ci ƙwan zabi dafaffe guda tara kafin mu bar tasha, zabin Inna suna kallona.

A da in za ka Funtuwa ba ka sanin inda ƙasarmu ta ƙare. Yanzu kuwa kusa da Yankara ga allo sabo, ga wasu mutane ba kaki ba komai, sun gitta katako mai ƙusoshi. Ɗaya ya leƙo ya ce ina takardar fitar da dabbobi daga jiha.

Labbo ya ce, "Waɗanne dabbobi? Waɗannan majinyata ne. Asibiti za mu kai su."

"Shi wannan fa?"

"Shi ne mai jinyarsu."

Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce a miƙo su ya duba. Yana kwance igiyar ƙafa, zabuwar ta buga masa fiffike a fuska, ta tashi, ta nufi yamma ta faɗa gonar gero. Alhaji ya ce, "Kun gani? Ta ƙi barin jiharta." Motar ta kaure da dariya, har mai katakon ya ji kunya ya janye shi. Ni ma na yi dariya, kuma daga nan ne zuciyar ta ɗauki gudun da ba ta sauke ba. Funtuwa, Giwa, duk ban gan su da kyau ba. Motar tana rarrafe, ita tana sukuwa. Labbo ya dafa ƙirjina ya janye hannu da sauri, ya ce wa direba, "Yaro, taka. Wannan injin ya riga naka isa." Daga nan bai sake tsokanata ba har Zariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Asibitin gari ne guda. Maigadi ya hana zabo shiga, Labbo ya bar shi wajen wata mata a gindin mangwaro. A ƙofar ɗakin da aka kai ni na tuɓe takalmana, yadda mutum zai yi in zai shiga wajen manya. Ban sake ganinsu ba. Ashe can ba a tuɓewa. Yara ƙanana suna tsayawa ƙerere gaban babban likita da takalmi, ba mai tsugunawa, kuma in ya yi tambaya suna kallon ƙwayar idonsa. Mace ta kama hannun namiji tana duban agogo, ba wanda ya ce uffan.

Wadda ta kama nawa wata nas ce, an rubuta Ngozi a ƙirjinta. Na ce a raina yau sai Turanci. Sai ta dubi Labbo ta ce, "Baba, ina kunka hito?"

Labbo ya kusa faɗuwa. "Bungudu munka hito! Ke ɗiyar wa?"

Ashe a Sabon Garin Gusau aka haife ta, babanta yana sayar da kayan keke. Ta liƙa mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da doguwar takarda. Na duba zanen na ce, "Sista, wannan ai rubutuna ne." Ta yi murmushi, amma da gudu ta tafi kiran likita.

Babban likitan dattijo ne mai furfura, ya zo da ɗalibai shida a bayansa. Ya duba takarda, ya taɓa wuyana, ya karanta wasiƙar Gusau. Aka sa mini allurar ƙarin ruwa a jijiyar hannu. Sai aka kawo faranti da ƙananan kwalabe iri uku, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana yi wa ɗaliban tambaya. Wannan ma baƙon abu ne a wurina. A gida mai magani ba ya shawara a gabanka. Nan kuwa kana kwance kana haki, ana karatu a kanka.

Labbo ya ce, "Ɗiyata, mi suka cewa?"

Sista ta sunkuyo tana fassara mana ƙasa-ƙasa. Ta ce allurai ukun 'yan gida ɗaya ne, duk ta jijiya ake ba da su, aikinsu su rage wa zuciya gudu.

"Birki ke nan," in ji Labbo.

"Awo, birki. Amma kowace da halinta."

Daga baya ta rubuta mini sunayensu a littafina, daga nan nake kwafa. Ta farko furofaranolol. Ta ce ita ce tsohuwa, kowane likita ya san ta, kuma ita ta fi dacewa da irin ciwon wuyana, har rawar hannu tana kwantarwa. Ta biyu metofurolol, ta fi tsayawa a kan zuciya, ba ta cika yawo a jiki ba, amma in ta shiga sai ta yi awoyi, ko ta karɓe ka ko ba ta karɓe ka ba sai dai a jira. Ta uku esmolol. Ita a cikin ruwa ake ɗiga ta, ana rufe ruwan ba ta cika rabin awa ba ta bar jiki. Sai dai tana son a tsaya a kanta ana kallo, kuma 'yan kwalabe kaɗan gare su, wani likita ne ya zo da su daga waje, ana ajiye su don wanda sauran ba za su yi masa ba.

"To a ba shi tsohuwar mana," in ji Labbo. "Ni ban yarda da birki mai saurin saki ba."

"Ita za a ba shi. Aibinta ɗaya ne. Ba ta tsayawa a zuciya, har hanyoyin numfashi takan matse, kuma ita ma in ta shiga ba ta fita da wuri. Mai fuka in an yi mashi, ƙirjin na iya rufewa gaba ɗaya. Amma likita ya duba wasiƙa, an ce Baba ba shi da ita."

Wata ɗaliba ta fasa kan kwalbar farko, ta zuƙe a sirinji, ta ɗaga sama tana ɗan bugunsa da farce. Likita ya ce wani abu, Sista ta juyo.

"Baba, ya ce in sake tambaya. Ba ka taɓa yin fuka ba ko? Ko kana yaro?"

Na buɗe baki. Wallahi fuskar Inna na gani, tana riƙe da kunnena a hanyar Karakkai. In na kira sunan, na tashe ta. In ban kira ba, ga sirinji. Sai dabara ta zo mini: alkawarin baki na yi, ban yi na hannu ba. Na ce a ciro mini littafina da fensir. Kowa ya tsaya, har likita. Na dafa littafin a cinya na rubuta haruffa huɗu da duk ƙarfina, fensirin ya karye a na ƙarshe.

Sista ta karɓa ta duba. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. Ta ba ɗaliba, ɗaliba ta ba na kusa da ita. Littafin ya zaga mutum shida ya kai ga likita, ya gyara tabarau. Ba wanda ya iya karantawa.

Labbo ya fizge littafin. Ya riƙe shi a kife, ya yi gyaran murya.

"Ni ban yi boko ba, amma wannan na iya karanta shi. Likita, tun muna yara in ana sussuka, wannan Furofesan kuka yake kamar mage ta maƙale a rumbu. Gidansu suna cewa mura. Ni ba ni na yi wa Inna alkawari ba, kuma taubashina ne, ko gaban alƙali in tona mashi asiri ba mai kama ni."

Sista ta ɗaga wa ɗalibar hannu. Ta dube ni ta ce, "Baba, daga bakinka nike son ji."

Na rufe ido na ce, "Ina da fuka."

Na jira ƙirjina ya rufe. Bai rufe ba.

Likita ya karɓi sirinjin da kansa ya ajiye can nesa. Bai yi mini faɗa ba. Ya juya ga ɗaliban ya yi magana mai tsawo yana nuna ni, yana nuna wasiƙa. Sista ta ce yana gaya musu ne kada su yarda da takarda su bar mutum, a tambaya sau uku, a kuma tambayi ɗan rakiya. Labbo ya gyara tsayuwa kamar an naɗa shi sarauta.

Suka ɗan yi gardama tsakanin ta biyu da ta uku. Likita ya ce ta uku, don in ƙirjin ya nuna ba ya so, a rufe ruwa ta wuce. Aka ajiye maganin fesawa na fuka kusa da kaina. Aka fara ɗigawa kaɗan-kaɗan. Dattijon nan ya ja kujera ya zauna, abin sauraro a kunne, yana bin bayana da ƙirjina, yana cewa da Hausarsa ta kasuwa, "Numfashi, Baba. Kuma. Kuma." Sista tana auna jini a ɗaya hannun.

Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai ji akuyar nan ta rage gudu, ta koma sassarfa, ta koma tafiya. Sai na ji ƙarar fanka. Ashe tun da muka shigo tana juyawa, bugun da ke kunnena ne ya hana ni ji. Na ce, "Labbo, akwai fanka a ɗakin nan."

Ya ce, "Akwai, Furofesa." Ya juya baya yana fyace hanci, wai maganin asibiti ne ya shigar masa ido.

Kwana tara na yi. Aka gwada jini, aka sa ni kan ƙwayoyin wuya da na zuciya waɗanda ba sa faɗa da ƙirjina. Aka ba ni kati an rubuta fuka da jan biro, babba, yadda ko ɗan ajinmu na farko zai karanta. Abincinsu ban saba da shi ba, shayi da burodi da safe kamar mai shirin tafiya, da rana wani lokaci teba. Maƙwabcin gadona, wani malamin makaranta daga kudu, ya koya mini haɗiye ta ba tauna, ni na koya masa shan fura ba cokali.

Labbo kuwa a gindin mangwaro ya tare, inda masu jinya suka kafa unguwa, kowa da murhunsa da igiyar shanya. Kafin kwana uku ya zama mai unguwa, yana raba wurin shimfiɗa, yana yi wa sababbin zuwa bayanin allura uku kamar shi ya haɗa su. Na aike shi ya kai wa likita zabon da ya rage. Ya dawo ya ce likita ya gode, ya ce ba a karɓa. Da yamma ya kawo mini romo a kwano. Sai da na shanye na tambayi inda ya samu nama.

Mun dawo ranar kasuwar Tsafe, ni da silifa na roba da Sista ta ba ni, kai ba hula. Ban shiga ɗakina ba sai da na tsuguna gaban Inna. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta daɗe tana murza carbi.

"Ka kira sunan?"

"Na kira, Inna."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

"Ta taso?"

"Ba ta taso ba."

Ta ce, "To, a Zariya ka kira, ta yi mata nisa ba ta ji ba. Nan gida ka kama bakinka."

Na ce to. Shi ya sa na rubuta, ban karanta mata ba.

Abin da na rasa a tafiyar nan: hula ɗaya sabuwa, takalmana duka biyu, fensir ɗaya, zabi biyu, ɗaya ta koma gida ba tare da mu ba, ɗaya na ci ban sani ba. Na rasa alkawarin shekara talatin da wani abu. Na kuma rasa masu sayen dawa wajen goma sha biyu, don tun da hannuna ya daina rawa suka koma rumfar maƙwabcina.